Yadda Za Mu Haɗa wa Ofishin Makarantarmu Kwamfuta da Kuɗi Kaɗan

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai

 

Kwamitin ayyuka ne ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan kwamfutar da muka yi alkawarin saya wa ofishin makaranta. Duk wanda ya zo neman takardar shaidarsa a 'yan shekarun nan ya ga halin da fayilolinmu suke ciki: gara ta ci wasu, ruwan sama ya taɓa wasu, akawu kuma sai ya yini yana bincike kafin ya gano sunan mutum guda. Kuɗin da muka tara kuwa ba su da yawa, kuma gumin mutane ne, saboda haka bai kamata mu kashe ko kwabo a inda bai dace ba.

Ni ba injiniya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, wahala ce ta koya mini abin da zan faɗa. A wani ofishi da na yi aiki, an taɓa aikena in sayo kwamfuta. Na ga an manna mata tambarin Core i7, mai shago ya ce babu kamarta, na biya ina murna. Ashe tsohuwa ce ta shekarar 2012. Kafin ta gama tashi da safe sai mun sha shayi. Bayan 'yan watanni aka dawo da wuta da ƙarfi wata rana da la'asar, ta ƙone, ta tafi da jerin sunayen ma'aikata da muka yi wata da watanni muna shigarwa. Ni na sha tambayoyi a gaban shugabana, ba mai shago ba.

Darasin da na koya shi ne, aikin ofis ba ya bukatar na'ura mai tsada. Buga wasiƙa ne, da lissafin maki, da ajiye sunayen ɗalibai, da shiga intanet don rajistar jarrabawa, musamman tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015. Abin da yake bukata shi ne a san inda za a zuba kuɗin da inda za a tsuke hannu.

Hanya biyu ce a gabanmu. Ko dai mu sayi kowane sashe sabo mu haɗa, ko kuma mu sayi na hannu, wato 'yan Beljiyam, irin su Dell OptiPlex, HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka yi amfani da su suka sauya, sannan mu ƙara musu abin da suka rasa. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, don haka ni hanya ta biyu nake ba da shawara. Ana samun su a shagunan Samaru da ke hidimar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, da Sabon Gari, kuma yawancinsu daga Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas ake kawo su. Amma akwai abubuwa huɗu da za a duba.

Na farko shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Kada a kalli i5 ko i7 kaɗai, a kalli lambar da ke biye. A i7-3770, lamba 3 ta farko tana nufin zubi na uku, na 2012. A i5-8500, lamba 8 tana nufin zubi na takwas, na 2018, kuma ya fi wancan ƙarfi duk da sunansa ya fi ƙanƙanta. Wannan ba maganar sauri kaɗai ba ce. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 a ƙa'ida yana bukatar Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Don haka kada mu sauka ƙasa da zubi na takwas. Core i3 ko i5 ya ishe mu. Katin hoto na daban kuwa na masu wasanni ne da masu haɗa fim, akawu ba ya bukatarsa.

Na biyu shi ne RAM. Ku ɗauke ta kamar teburin akawu: in tebur ya yi ƙanƙanta, sai ya ajiye fayil guda kafin ya buɗe wani. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 kuwa ya fi in aljihu ya yarda. A lura cewa DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, kuma farashin RAM ya hau sosai a duniya a ƙarshen 2025 saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe ta. Saboda haka gara a sayi na'urar da ta zo da RAM ɗinta, kuma a ga adadin a kan allo da ido kafin a biya.

Na uku shi ne ma'ajiya, wato kabad ɗin da fayiloli ke kwana. Tsohon faifai mai juyawa, wanda masu gyara ke kira HDD, shi ne yake sa kwamfuta nawa. SSD ba shi da wani abu mai motsi a ciki, kuma ya ninka shi sauri. Wannan ne sashen da nake roƙon mu saya sabo fil, domin ba mu san wahalar da na hannu ya sha ba. Gigabait 256 ya isa takardun makaranta na shekaru masu yawa.

Na huɗu, wanda a kansa na ƙone hannu, shi ne wuta. Kowa ya san yadda take zuwa da tafiya. Dole a ware kuɗin sitabilaiza da UPS tun kafin a fara cinikin kwamfutar, ba bayan kuɗi sun ƙare ba. UPS ba janareta ba ne, 'yan mintoci yake bayarwa a adana aiki a kashe na'ura cikin natsuwa, kuma batirinsa yana mutuwa, sai an riƙa sauyawa. Kada a jona masa firinta mai lesa, domin tana jan wuta fiye da ƙarfin ƙaramin UPS. In da za a ce in zaɓa tsakanin i5 ba kariya da i3 mai kariya, wallahi i3 zan ɗauka.

Allon kallo, kibod da maus, na hannu ma sun wadatar. Amma a sauya ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke cikin na'urar, in ba haka ba kwanan wata zai riƙa rikicewa, wasu shafukan intanet su ƙi buɗewa. Wanda zai buɗe ta ya zare waya daga bango, ya taɓa ƙarfe tukuna, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara wutar da kan lalata RAM. A ɗora ta a kan tebur, ba a ƙasa ba, a rufe ta da ƙyalle bayan an tashi, a kuma hure mata ƙura ko da sau biyu a shekara, domin ƙurar hunturu da zafin bazara na Zariya su ne ajalin fanka.

Game da manhaja, kada mu yarda a zuba mana ta sata, ita ce ƙofar ƙwayoyin cutar kwamfuta. Yawancin waɗannan na'urori na ofis suna zuwa da lasisin Windows a jikinsu. LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel. Haka kuma Windows yana da tsarin kibod na Hausa, don haka babu dalilin da za a rubuta wa Ɗanladi ko Ɗahiru suna ba lanƙwasa a takardarsa.

A ƙarshe, ina roƙon kwamiti abu uku. Mutum biyu su je sayayya, ba mutum guda ba, a gwada na'urar a shago, a karɓo rasit mai ɗauke da lambar jikinta da wa'adin garanti a rubuce. A sayi faifan ajiya na waje, kowace Juma'a a kwafe duk aikin mako, a kai shi ofishin shugaban makaranta, kada ya kwana ɗaki ɗaya da kwamfutar. Sannan a koya wa akawu da wani malami guda, don kada aiki ya tsaya ranar da ɗaya ya yi tafiya. Ni na ɗauki alkawarin zuwa ranakun Asabar huɗu in zauna da su.

A nan zan dasa aya.