Kifin da ke hana ƙasa cin wuta

Yau Indonesiya za mu leƙa, yankin Kalimantan da ke tsibirin Borniyo, mu ji yadda kiwon kifi ya shiga maganar kashe gobara.

Suna da wata irin ƙasa da suke kira gambut. Ganyaye ne da saiwoyi da itatuwa da suka faɗa cikin ruwa suka kasa ruɓewa, suka yi ta taruwa shekaru dubbai, har a wasu wuraren kaurinta ya haura mita 10. Irin wannan ƙasa kusan kashi 3 cikin 100 ce kacal na doron ƙasa, amma kabon ɗin da ta ɓoye ya fi na dazuzzukan duniya gaba ɗaya. Sharaɗinta guda ne: ta zauna a jiƙe. Da zarar ta bushe, ta zama makamashi.

A 1995 gwamnatin Suharto ta ce za ta mai da hekta miliyan 1 na wannan ƙasa gonar shinkafa. Aka haƙa magudanai na sama da kilomita 4,000. Ruwa ya tsiyaye, shinkafar kuma ba ta yi ba, don ƙasar tsami gare ta. A 1997 wuta ta kama. Ita wutar gambut ta ƙarƙashin ƙasa take ci, sai ta yi makonni ba a ganin harshenta, sai hayaƙi. A 2015 aka sake: hekta miliyan 2.6 suka ƙone a faɗin ƙasar, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da kusan dala biliyan 16, hayaƙin ya kai Malesiya da Singafo, aka rufe makarantu. Shi ya sa a 2016 Shugaba Joko Widodo ya kafa hukumar farfaɗo da gambut, aka shiga toshe magudanan don ruwa ya dawo.

To, ga tambayar da ta dame ni. Ka jiƙa wa mutum gonarsa, me zai ci? In babu amsa, wallahi da dare zai je ya fasa abin da ka toshe, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

Amsar tana wurin kakanninsu. Mutanen Dayak da Banjar suna da abin da suke kira beje: dogon rami ne a fadama. Da damina ruwa ya malala, kifi ya bazu yana kiwo da kansa. Da rani ruwa ya janye, kifin ya taru a ramin, a zo a kwashe. Kifayen wurin, irin su haruwan da fafuyu, suna shaƙar iska kamar tarwadarmu, kuma suna jure ruwa mai tsami. Kun gane inda na dosa? Wanda abincinsa ke cikin ruwa, shi zai fara tsare ruwan.

Amma a yi hattara, ba kowane kiwon kifi ne alheri ba. In ka haƙa tafki mai zurfi ka tara gambut a rana, ko ka yi ta zuba farar ƙasa don kashe tsamin ruwa saboda baƙon kifi, ƙasar za ta riƙa ruɓewa tana fitar da kabon. An gudu ba a tsira ba ke nan. Shi ya sa wasu ke kiwon tarwada a tankin tamfol a saman ƙasa, ba haƙa.

Su kuma matsalarsu abinci, don shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Nan ne tattalin arziki mai zagayawa ya shigo, wato sharar wani aiki ta zama jarin wani. Akwai wani baƙin ƙuda da ake wa laƙabi da soja. Tsutsarsa na cin ragowar abinci da dussar ƙwallon kwakwar manja, cikin kamar mako biyu ta ƙoshi, a ba kifi, a rage sayen na buhu. Kashin tsutsar ya zama taki, ruwan tankin ya tafi lambu, sharar lambun ta koma wa tsutsa.

Mu a Arewa ba gambut muke fama da ita ba, amma ku tambayi duk matashin da ya rufe tankin tarwadarsa, zai ce muku kuɗin abinci ne ya kore shi. Ga kuma ruɓaɓɓen tumatir da kabeji jibge a kasuwannin 'yan gwari. Na san wani zai yatsina fuska ya ce tsutsa ƙazanta ce. Ai kifin rafi ma ƙwari da tsutsa yake ci tun fil azal.

Shawarata ga mai sha'awa: fara da baho ɗaya, ka riƙa auna abin da ka zuba da abin da ka kwasa, ka rubuta a littafi kafin ka saka kuɗi mai yawa.

Nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba, ku huta lafiya.