Saje Basili Ignatenko, Ɗan Kwana-Kwana: Jawabin Tunawa



Yau ina so in ba ku labarin wani mutum wanda bai wuce shekara 25 a duniya ba. Ba ɗan sarki ba ne, ba kuwa attajiri ba. Ɗan manoma ne wanda ya kama aikin kashe gobara a wata ƙasa mai nisa, ya mutu a kan aikinsa. Dalilin da ya sa na zaɓi labarinsa shi ne, ku ne masu aiken mutane. Duk wanda ya ke da ikon ce wa wani, tashi ka tafi wuri kaza, ya kamata ya ji yadda aka aiki wannan mutum, da abin da ya bari a gida sa'ad da ya tafi.

Asalinsa

Sunansa Basili Ignatenko. An haife shi ran 13 ga watan Maris, 1961, a wani ƙauye na gundumar Birahin, cikin ƙasar Belarus. A zamanin nan Belarus da Yukren da Rasha duk ƙarƙashin mulki guda su ke, watau Tarayyar Sobiyat, wadda ta wargaje cikin 1991. Da ya tasa, sai ya koyi aikin wutar lantarki, ya yi ɗan lokaci yana wannan sana'a. Cikin 1980 aka ɗauke shi soja, kamar yadda dokar ƙasar ta tilasta wa samari, aka sa shi cikin ƙungiyar masu kashe gobara a birnin Mosko. Can ya ƙware. Da ya gama soja cikin 1982, sai ya sami aikin kwana-kwana a Piripiyat, wani sabon gari na ƙasar Yukren da aka gina domin ma'aikatan tashar lantarki ta Carnobil. Tsakanin garin da tashar kamar kilomita 3 ne, mutanen garin kuwa a lokacin sun kusa 50,000.

Ya yi aure cikin 1983. Shi da matarsa suna zaune a benen ofishin kwana-kwana, motocin kashe gobara suna ƙasa, saboda haka kullum aka yi kira, matar tana ganin fitarsu. Ko da ya zama ma'aikacin gwamnati mai albashi, har ya kai muƙamin saje, bai yar da gonar ubansa ba. Ƙauyensu kamar kilomita 40 ne daga Piripiyat. In lokacin huɗa da shuka ya zo, ya kan koma ya taya iyayensa aiki. Matarsa ta ba da labari daga baya cewa, a ranar da abin ya faru ma sun shirya za su yi sammako su tafi ƙauye shukar dankali.

Daren gobara

Wannan tasha ta Carnobil ba da gawayi ko mai ta ke aiki ba. A lokacin nan akwai waɗansu manyan tukwane guda 4, cikinsu an jera wani ma'adini da a ke kira yuraniyam. Shi ne ke ba da zafi mai tsanani, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da lantarki. Amma banda zafi, ma'adinin yana fid da wata irin guba wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Tana ratsa tufa da fata, ta shiga har ɓargo. Domin haka a ke rufe tukwanen da ƙarfe da kankare.

Ran Asabar, 26 ga watan Afrilu, 1986, da ƙarfe 1 da minti 23 na dare, ana cikin wani gwaji, sai tukunya ta 4 ta fashe. Murfinta ya ɗage, gutsattsarin abin da ke ciki suka warwatsu bisa rufin gine-ginen da ke kusa. Rufin kuwa an shafe shi da kwalta, nan da nan ya kama wuta a wurare da yawa. Ga shi kuma tukunya ta 3 tana jikin ta 4, tana kan aiki. Da wutar ta ci ta kai gare ta, da ɓarnar ta ninka.

Basili yana bakin aiki a daren nan. Matarsa ta ji ƙara ta leƙo, ya ce mata ta rufe taga ta koma barci, ba zai daɗe ba. Suka fita da motocinsu ƙarƙashin Laftana Biktor Kibenok, suka tarad da 'yan kwana-kwanan tashar, waɗanda Laftana Baladimir Farabik ke shugabanta, sun riga sun fara aiki. Kayan da ke jikinsu na kashe gobarar yau da kullum ne, ba abin da zai tsare su daga gubar nan. Suka hau tsani da mesa a hannu, suka kai can ƙololuwar gini, suna zuba ruwa, kwalta na narkewa tana kama takalmansu. Ba a jima ba sai amai ya kama su, jiri yana ɗibarsu, ƙarfi ya ƙare, aka sauko da su aka kai asibiti. Waɗansu suka hau suka ci gaba. Kafin gari ya waye sosai an kashe wutar rufin, tukunya ta 3 ta tsira. Wutar cikin tukunya ta 4 kuwa sai da ta yi kamar kwana 10 tana ci.

Hukuma ba ta kwashe mutanen Piripiyat ba sai ran 27 ga wata da rana. Ba ta kuma sanar wa duniya ba sai ran 28, bayan da ma'aikata a ƙasar Suwidin suka auna suka ga gubar ta iso gare su cikin iska.

Asibitin Mosko

Aka ɗauki Basili da abokansa cikin jirgin sama zuwa Asibiti na 6 a Mosko. Matarsa ta bi shi, tana da ciki, amma ta ɓoye wa likitoci domin kada su hana ta shiga. Wannan ciwo mayaudari ne. Da fari mutum ya kan ji sauƙi, har ya zauna yana hira, sa'an nan gashi ya zube, fata ta saluɓe, jini ya lalace, gama ɓargon da ke yin jinin ya mutu.

Likitoci suka ce sai a ɗebi ɓargon wani ɗan'uwansa a sa masa. Da aka gwada, aka ga na ƙanwarsa ya fi dacewa. Da Basili ya ji, sai ya ƙi, ya ce yarinya ce ƙarama, kada a taɓa ta. Mutumin da ke bakin mutuwa ke nan, aka nuna masa hanyar da ya ke tsammanin tsira, ya duba ƙanwarsa tukuna. Daga baya yayarsa ta ba da nata, amma bai yi amfani ba.

Ran 9 ga watan Mayu ranar biki ce a ƙasar, ana wasan wuta a sararin sama da dare. Tun dā ya yi wa matarsa alkawari zai nuna mata Mosko. A daren nan ya sa ta buɗe taga ta ga wasan, sa'an nan ya miƙa mata furanni 3 waɗanda ya ba wata mai jinya kuɗi ta sayo masa.

Ya rasu ran 13 ga watan Mayu, 1986. Saboda gubar da ke jikinsa, cikin akwatin ƙarfe aka like shi, aka binne a maƙabartar Mitino ta Mosko. 'Yar da matarsa ta haifa daga baya ba ta daɗe a duniya ba, aka binne ta kusa da ubanta. 'Yan kwana-kwana 6 ne suka mutu haka, har da laftanonin nan biyu. Jimlar waɗanda ciwon ya kama mai tsanani 134 ne, 28 daga cikinsu suka mutu cikin shekarar.

Ba a manta da shi ba. Akwai gunkin tunawa da shi a garin Birahin, cikin 2006 kuma Gwamnatin Yukren ta ba shi lambarta mafi girma, ta Gwarzon Ƙasa. Matarsa ta ba marubuciya Sibetlana Aleksiyebic labarinsa, wadda littafinta ya fito cikin 1997.

Abin lura

Ranku shi daɗe, abu uku na ke so mu riƙe.

Na fari, mutumin da ya hau rufin nan shi ne wanda ya shirya zuwa gonar ubansa da safe, shi ne kuma ya hana a taɓa ƙanwarsa. Hali guda ne. In kuna neman wanda za ku danƙa wa amanar jama'a, ku fara tambayar yadda ya ke riƙe da gidansu.

Na biyu, an ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Basili ya ci albashi, ya kuma yi aikin har ƙarshe. Amma shi ma mai aike akwai nasa askin. Wajibi ne ya san haɗarin wurin da ya ke tura mutum, ya faɗa masa gaskiya, ya ba shi kayan da za su tsare shi. Ɓoye labari ba ya rage gobara, sai dai ya ƙara yawan gawa.

Na uku, ku Malamai masu riƙe da littattafai, in ma'aikaci ya mutu a kan aiki, kada sunansa ya tsaya a layi guda na rahoto. Ku rubuta wanda ya bari, ku bi takardar haƙƙinsa har ta kai hannun iyalinsa. Lamba da gunki abin girmamawa ne, amma ba su ciyad da gwauruwa.

Iyakar jawabina ke nan.