Tikitin Jirgin Ƙasa a Waya: Ina Yake Shiga Bayan An Biya Kuɗi?

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobi ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa wa jarinmu albarka.

An ce in ɗan yi magana a kan tikitin jirgin ƙasa na waya. Wata za ta ce, me ya haɗa mu da wannan? To ai tashar a unguwarmu take. Tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, nan Rigasa jirgin yake sauke fasinja, kuma da yawanmu shi muke hawa mu kai turaren wuta da dambun nama da ɗinki, mu sauka a Kubwa ko Idu. A Janairun 2021 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta fara sayar da tikiti ta intanet. Bayan harin 28 ga Maris 2022, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, jirgi ya dawo aiki a Disambar wannan shekarar, aka kuma ƙara sharaɗin lambar NIN. Wato yanzu tikiti da sunan mai shi yake tafiya, ba kamar takardar da ba, wadda za ki miƙa wa maƙwabciya ki ce je ki da ita.

Sayen ba shi ne ya fi ba mu wahala ba, don yara suna saya mana. Inda ake samun matsala shi ne bakin ƙofar shiga. An biya kuɗi, ga kaya niƙi-niƙi, ga layi a bayanki, ma'aikaci ya ce Hajiya tikiti, sai a hau shafa waya sama da ƙasa. Yaron da ya saya kuma yana makaranta, wayarsa a kashe.

Tikitin bai ɓata ba. Duk abin da aka sauke daga intanet akwai ɗakin da waya take ajiye shi. A Tecno da Itel da Infinix, waɗanda yawancinmu muke riƙewa, ki nemi manhajar da aka rubuta wa File Manager ko Files, mai hoton jakar takardu. In kin buɗe za ki ga Download. Nan yake, kuma galibi na baya-bayan nan ne a sama. Masu iPhone, ku ma Files ɗin ne. Abin da yake rikita mu shi ne muna zuwa nemansa cikin hotuna, alhali sau da yawa shi takarda ce irin ta PDF, ba ya zama tare da hotunan biki. In kuma ta WhatsApp aka turo miki, sai kin taɓa shi ya sauka ya buɗe tun kina gida. Ganin sunansa a cikin hira ba ya nufin ya shigo wayarki.

Ni dai shawarata, kada ki dogara da sabis ɗin tasha. Inda mutane suka taru kowa yana jan data, daidai lokacin da kike buƙata ne waya za ta yi ta juyi. Da zarar tikiti ya buɗe, ki ɗauki hoton fuskar wayar: a Tecno da Itel da Infinix, ki danne maɓallin kunnawa da na rage sauti tare. Sai ki duba ki tabbata sunanki da ranar tafiya da lambar kujera sun fito, musamman wannan murabba'in mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari da ake kira QR, don shi na'ura take karantawa. In gefensa ya yanke, ki sake ɗauka. Hoton ba ya buƙatar data, yana buƙatar caji kawai, mu kuwa mun san halin wutarmu. A cika waya tun dare, a daina ba jikoki su yi gem da ita da safen tafiya. A ƙofa kuma ki ƙara hasken fuskar. Wadda gilashin wayarta ya tsage, gara ta biya shagon kwamfuta a buga mata a takarda ta haɗa da katinta.

Sai maganar shara. Waya ta ce ta cika, sai a danna gogewa ba a karanta ba, tikiti ya bi bidiyoyin guruf. In tafiya na gabanki, ki bar sharar sai kin dawo. Ko an goge ma kada hankalinki ya tashi, a duba imel ko asusun da aka yi sayen da shi. Shi ya sa nake roƙon iyayenmu, ku sa yara su yi muku rajista da lambarku da imel ɗinku, ba nasu ba.

Tsofaffin tikiti kuwa, kamanninsu ɗaya da sabo, har mutum ya nuna na watan jiya yana rantsuwa. Ki canja wa kowanne suna da ranarsa, ki bambanta na zuwa da na dawowa. Wadda ƙungiya ta aika kuma, kada ta goge nata sai ta tura wa Ma'aji, don shi ne rasit ɗinta ranar lissafi.

Don Allah a daina ɗora tikiti a sitatus ana cewa Abuja ga mu nan. Sunanki ne a jiki da ranar da ba kya gida, kuma wani zai iya kwafar hoton. Haka wanda ya tare ki a wajen tasha ya ce zai turo miki tikiti, in ba sunanki a kai, kuɗinki ne a haɗari.

Bayan an ci abinci, 'yan matanmu za su zauna a teburin baya. Duk mai so ta kawo wayarta a nuna mata Download, ta gwada ɗaukar hoton da hannunta.