Yaron da Ya Daina Magana

 An ba mu ɗan lokaci mu yi jawabi, mu kuwa muka ga ba abin da ya fi cancanta mu ɗauko kamar zancen 'ya'yanmu, watau lafiyar hankalinsu.

Kun san unguwar Birketiri da ke nan kusa da mu. Ta sami sunanta daga wurin gasa tubali na zamanin Jamus, fatake Hausawa kuma suka zauna a cikinta, har ta zama masaukin kowane baƙo daga arewa. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta kai Ngaundare cikin 1974, yaro ya kan kwana cikin jirgi, gari ya waye yana Yawunde. Dā neman kuɗi ke kawo su. Amma tun 2014, sa'ad da Boko Haram suka matsa wa wajajen Kolofata da Mora, da kuma 2016, da rikici ya tashi a jihohin masu Turancin Ingila, yara da yawa gudu ne ya kawo su.

Ɗaya daga cikinsu mun san shi. Shekarunsa ba su wuce 9 ba, an kawo shi wurin kawunsa, wani tela. Yaron ba ya magana, yana fitsarin kwance, in babur ya yi ƙara sai ya shige ƙarƙashin tebur. Aka ce taurin kai ne, aka yi ta bugunsa. Da bulala ta kāsa, aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Mu ma, ba mu ɓoye muku ba, mun yi wata shida muna wuce shi a ƙofar shago, muna cewa yaro ne mai kunya. Wata tsohuwa mai tuyan ƙosai ita ce ta fi mu duka hankali. Kowace safiya ta kan zaunar da shi kusa da ita, ta ba shi ƙosai biyu, ba ta tambaye shi kome ba. Ran nan, yana tura itace cikin murhu, sai ya ce mata, "Inna, haka gidanmu ya ci wuta." Daga nan fa magana ta ɓalle.

'Yan'uwa, wannan ba labarin yaro ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2021 cewa a cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata cuta ta hankali. Ta kuma ce rabin irin cututtukan nan tun kafin shekara 14 su ke somawa. Ashe mutumin da mu ke gani yana yawo tsirara a kasuwar Mokolo, wataƙila tun yana ƙarami abin ya soma, ba wanda ya kula. Icce kuwa tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Waɗansu za su ce, ina mu ina wannan aiki, ai na likitoci ne. To, ku ji. Cikin 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo na asibitin Aro, a Abekuta, ya sa masu ciwon hankali su sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. A Harare kuma, Likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti, su saurari masu damuwa, su taimake su su warware matsala ɗaya ɗaya. Da aka gwada aikin, aka tarar yana yin magani ƙwarai. Tsofaffi kuwa, ko a Messa ko a Birketiri, ba mu rasa su ba.

Abin da mu ke roƙo ƙanƙane ne. Uwa, in yaronki mai wasa ya koma zaman kaɗaici, ko ya bar cin abinci, ko barci ya ƙi, kada ki fara da tsawa. Malam, in ɗalibi mai ƙoƙari ya soma faɗuwa, ka kira shi gefe, ba gaban 'yan aji ba. Mai shago, ka duba yaranka masu haɗiyar ƙwayar tiramol don su jure aiki. Sau da yawa baƙin ciki su ke so su kashe, ba gajiya ba. Abin da yaro ya faɗa maka kuma kada ya zama hirar bakin famfo, gama in ya ji asirinsa a waje ba zai sake buɗe baki ba.

Amma akwai inda sauraro kaɗai ba ya isa. In yaro ya ce ya gaji da duniya, ko yana jin muryoyin da ba mai jinsu, ko yana yi wa kansa rauni, kada a jira gobe. Akwai sashen masu ciwon hankali a asibitin Jamot nan cikin Yawunde. Mun san mutane suna jin kunyar sunan nan, shi ya sa ya kamata wani babba ya raka uwar, kada ta tafi ita kaɗai.

Yaron nan kuwa kawunsa ya kai shi, ya kuma rataye bulala. Har yanzu ya kan firgita da dare wani lokaci. Amma ya iya ɗinkin maɓalli, ran Asabar da ta wuce kuma shi ya fara gaishe mu.