Maganin damina: aikin likita, da hukuma, da mutanen gari

Ga jawabin da wani ma'aikacin kiwon lafiya ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Damargu. A karanta shi da ƙarfi, domin waɗanda ba su iya ba tukuna su ji.

   

Zan fara da kurkunu. Tsofaffi sun san shi. Yaran yanzu kuwa sai dai labari. Mutum ya sha ruwan tabki, bayan kamar shekara guda tsutsa ta huda masa ƙafa. Kuma da damina take fita, lokacin noma. Magidanci yana kwance, ciyawa tana cin gonarsa. A shekarar 1991 an ƙidaya masu kurkunu a Nijar, aka samu fiye da mutum 30,000. Jahar Damagaram tana cikin inda ya fi yawa.

Kurkunu ba shi da ƙwaya, ba shi da allura. To, yaya aka yi da shi? Likitoci suka bayyana inda yake fitowa. Gwamnati da masu taimaka mata suka haƙa rijiyoyi, suka raba ƙyallen tace ruwa, suka zuba magani a tabkuna. Masu gari suka hana mai kurkunu shiga tabki. Mata suka dinga tace ruwa kullum. A kowane ƙauye aka sa mutum guda yana rubuta wanda ya kamu, yana kai lissafi kowane wata. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa babu sauran kurkunu a Nijar.

Ku riƙe wannan mutum mai rubutu a zuciyarku. Zan komo kansa.

Yau abin da ya fi kashe mana yara da damina shi ne masassarar cizon sauro. Daga Yuli zuwa Oktoba, ruwa ya kwanta, sauro ya yi yawa. A daidai lokacin ne kuma hatsin rumbu yake ƙarewa. Yaro ga yunwa, ga masassara. Jininsa ya ƙare, tafin hannunsa ya yi fari, wani ya yi ta sanƙarewa. Sai a ce iska ce ta taɓa shi. Kafin a nemo amalanke a kai shi gidan likita, dare ya yi.

Tun 2013 aka fara raba maganin rigakafin wannan masassara a Nijar. Na yara ne, daga mai wata 3 zuwa mai shekara 5. Ana ba da shi sau ɗaya a wata, wata huɗu a jere, cikin damina. Ku saurara da kyau, nan ne wurin da ake kuskure. Maganin kowane wata na kwana uku ne. Ranar farko mai rabo ne yake ba yaro da hannunsa. Ya bar wa uwa ƙwaya biyu: ɗaya gobe, ɗaya jibi. In yaro ya sha duka uku, maganin yana tsare shi kamar wata guda. Masana sun auna, sun ga yana hana wajen uku cikin huɗu na masassarar da za ta kama yara. In ya sha na ranar farko kaɗai, an yi rabin aiki.

A wani ƙauye na taɓa ganin wata uwa ta ƙulle ƙwayoyin nan a bakin zanenta. Na tambaye ta dalili. Ta ce yaron lafiyarsa lau, ta ajiye sai ranar da jikinsa ya yi zafi. Ban ga laifinta ba. Wa ya zauna ya bayyana mata? Mai rabo yana sauri, gidaje da yawa suna jiransa. Wata kuma takan raba wa yayyen yaron, don kada a ce ta yi son kai. Wata ta ce da ɗaci, yaron ya tofar, ta ƙyale shi. Gaskiya ne, da ɗaci. A murƙushe shi cikin ruwa kaɗan, a sa sukari in akwai. In yaro ya amayar nan take, a gaya wa mai rabo. Yaron da yake cikin masassara a ranar, a kai shi gidan likita a gwada jininsa. Nasa maganin daban ne.

Mu ma'aikatan lafiya muna da namu laifi, ba zan ɓoye ba. Wani lokaci mukan shigo gari da hantsi, alhali kowa yana gona. Ko mu zo ranar da aka tafi cin kasuwa. Mu tarar da tsofaffi da awaki, mu koma. Wani ma'aikaci kuma yakan daka wa mace tsawa don ta manta karnen yaro. Macen da aka kunyata gaban kishiyarta ba ta komowa. Wannan mu za mu gyara shi. Amma ranar da ta dace, da sa'ar da ta dace, maigari ne ya san su. In ya gaya mana tun da wuri, sai mu bi.

Ga kuma nisa. Damargu ƙasa ce mai faɗi. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne. A 2011 aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma, domin hukuma ta matso kusa da mutanen Tarka. Duk da haka, wa zai iya sanin kowace rugga? Da ruwa ya sauka, Fulani da Buzaye sukan yi arewa da dabbobi, wajen Tenhiya da gaba. Ƴaƴansu ma sauro yana cizonsu a bakin tabki. Ardo ko shugaban zango kaɗai ya san rijiyar da suka sauka wannan wata. Perefe yana iya kiran taro. Sarakuna suna iya aika manzo. Ma'aikatar magajin gari tana iya taimakawa da man babur. Amma in ardo bai yi magana ba, babur sai ya yi ta yawo cikin daji.

Gwamnati ta yi nata da dama. Daga 2001 aka gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka. Tun 2006 maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, awon ciki ma haka. Amma dattawa za su tuna da akwatin magani na zamanin Seyni Kunce. Gari ya zaɓi mai agaji da ungozoma, aka koya musu aiki, aka ba su akwati. A garuruwa da yawa akwatin ya mutu. Don me? An sha magani, ba a rubuta ba. An karɓi dala, ba a rubuta ba. Da aka zo lissafi sai gardama, mai agaji ya yi fushi ya koma gonarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, ga mutumin nan mai rubutu da na ce ku riƙe. Ku ne shi. Kun iya baƙi, kun iya lissafi. Wanda ya rubuta sunansa jiya, yau zai iya rubuta sunan ɗan maƙwabcinsa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kowace makarantar manya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace. Mace dole ce, don ita ke shiga cikin gida. Su sami littafi guda. Kafin watan Yuli su bi gida gida, su rubuta duk yaron da bai kai shekara 5 ba, da sunan uwarsa. Kada a manta da bukkokin makiyaya da ke bayan gari. Gaban kowane suna a ja gida uku. Ranar rabo a sa alama a gidan farko. Kashegari su zaga, su tambayi uwa ko ya sha, su sa alama ta biyu. Jibi haka. In ƙwaya ba ta isa ba, ko an tsallake wata unguwa, su rubuta, maigari ya sa hannu, a kai wa majo. Maganar baki takan ɓace a hanya. Takarda tana isa har Tanut ko Belbeji.

Masu rabo sukan zo da igiyar awon damtse, mai launi uku. Ku roƙe su su koya wa mata. Kore, lafiya. Rawaya, tamowa ta fara. Ja, a kai yaro gidan likita a ranar, kada a jira kasuwa. Wannan ma a rubuta shi gaban sunan yaron.

Malamin karatu zai nuna muku yadda ake jan layi. Wanda littafinsa ya cika, ya kawo mu duba tare. Yanzu wanda ke da tambaya, ga ni. Iyaye mata su fara.