Abin da Haƙorin Biri ke Faɗa Bayan Mai Shi ya Ƙare

 

Duk wanda ya taɓa sayen rago a kara ya ga yadda dillali ke buɗe bakinsa ya duba haƙora kafin a yi maganar kuɗi. Masanan da ke binciken dabbobin da suka ƙare daga doron ƙasa, su ma baki suke fara dubawa, sai dai dabbar tasu ta mutu shekaru miliyoyi. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin dabba. Nama ya ruɓe, kura ta tauna ƙashi, ruwa ya tafi da saura, amma haƙori yakan jure har ya zama dutse.

Biran Afirka haƙori 32 gare su. Da za ku ɗauki muƙamuƙin bika ko jan biri na dajin Kamuku da ke nan Birnin Gwari ku duba turmi, wato haƙorin tauna na can ciki, za ku ga tudu huɗu a kansa, biyu-biyu, kowane biyu an haɗa su da wata kunya da ta gitta haƙorin. Turmin ƙasa na gwaggon biri marar wutsiya kuwa tudu biyar ne, ba kunyoyin nan. Da haƙori guda ke nan an raba manyan dangi biyu. Daga nan sai a dubi tsayin tudun. Idan dogaye ne masu kaifi, mai su ganye yake yanka. Idan gajeru ne masu faɗi, 'ya'yan itace da ƙwayoyi yake murƙushewa.

A tsibirin Maboko na tafkin Biktoriya, a Kenya, an tono haƙoran wani biri mai suna Victoriapithecus, mai kimanin shekara miliyan 15. Kunyoyin turminsa ba su gama haɗuwa ba, kuma wannan ne ya nuna cewa shi daɗaɗɗe ne a dangin. Wanda ya fi burge ni shi ne Theropithecus oswaldi, da Felix Oswald ya tono a Kanjera cikin 1911. Turamensa dogaye ne masu lanƙwasa, sun goge irin gogewar haƙoran masu cin ciyawa. An sami ƙasusuwansa daga Afirka ta Kudu har Aljeriya, har Sifen da Indiya. Biri ne ƙato, mai kiwo a fili. Yau ɗan uwansa ɗaya tak ya rage, wanda ake kira jelada, a tsaunukan Habasha, kuma har gobe ciyawa yake ci.

Aikin yana da tarko. Fiƙar bika namiji doguwa ce ƙwarai, ta mace gajera, ƙoƙon kansa ma ya fi nata tsawon baki. Mai gaggawa zai ɗauki miji da mata ya ba su suna biyu. Ƙaramin biri da bai gama fitar da haƙora ba, shi ma yana ruɗarwa. Shi ya sa ba a raɗa wa sabon jinsi suna sai an auna ƙashin an jera shi da ƙoƙunan kai masu yawa na biran da ke raye, maza da mata, manya da ƙanana.

Kusa da mu ma, a Chadi, an yi irin wannan tono. A Toros-Menalla, cikin hamadar Jurab, an sami muƙamuƙi da wasu ƙasusuwan wani biri mai kimanin shekara miliyan 7, aka bayyana shi a 2019 da sunan Cercopithecoides bruneti. Haƙoransa sun sa shi cikin dangin masu cin ganye. Wurin da yau rairayi ne zalla, a lokacin akwai ruwa da itatuwa.

To, mu fa? Duwatsun Birnin Gwari tsofaffi ne ƙwarai, zafi da matsi na cikin ƙasa sun sauya su tun kafin a yi biri, shi ya sa suke ba da zinare ba ƙashi ba. Amma akwai laka da tsakuwar da kogin Mariga ya tara, akwai ramukan duwatsu, kuma akwai mutane masu haƙa kullum. Ku tuna cewa a 1928 wajen haƙar kuza aka tsinci wani ɗan kan biri na yumɓu a Nok, a kudancin jiharmu ta Kaduna, kuma daga baya Bernard Fagg ya gane cewa al'umma guda ce ta shuɗe ta bar shi da ire-irensa. A Afirka ta Kudu ma, ƙoƙon kan bika da wata ɗaliba, Josephine Salmons, ta kai wa malaminta Raymond Dart a 1924 ne ya ja hankali zuwa mahaƙar Taung.

Abin da ke damuna shi ne biran Kamuku. Dajin ya zama gandun ƙasa a 1999, amma rashin tsaro ya daɗe yana hana masu bincike shiga. Biran nan su ne ma'aunin da za a gwada duk ƙashin da aka tono a yankin nan, kuma mafarautanmu sun san su ciki da bai. Ya kamata ƙoƙon kan birin da aka tsinta a mace ya isa hannun ma'aikatan gandun, a rubuta wuri da rana.

Ku masu haƙa, idan kun ci karo da haƙori ko ƙashi mai nauyin dutse, kada ku wanke shi, kada ku ɓalle ƙasar da ke manne da shi, domin da ita ake gane shekarunsa. Ku ɗauki hotonsa a inda yake, ku lura da zurfin ramin, sannan ku sanar da mai unguwa, a kai labari gidan tarihi na Kaduna ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.