Tsakanin Gida da Asibiti: Lacca a kan Agajin Gaggawa a Ƙasar Daura

  

Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne agajin gaggawa, watau irin taimakon da akan yi wa mutumin da lalura ta afka wa farat ɗaya, yana rai kwakwai mutu kwakwai, kamar wanda mota ta buge, ko mai jegon da jini ya ɓalle mata, ko yaron da zazzaɓi ya kai shi ga jijjiga, ko manomin da kububuwa ta sara a gona. Ƙasar Daura kuwa, alhamdu lillahi, ta sami rabonta na gine-gine a 'yan shekarun nan, gama ga asibitin da Rundunar Sojan Sama ta buɗe a 2019, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga makarantar koyon aikin lafiya, can Katsina kuma ga Asibitin Koyarwa na Tarayya. Amma fa duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin agajin gaggawa da dare ya san cewa da yawa daga waɗanda akan rasa, tun kafin a iso da su al'amarin ya riga ya yi nisa, domin kuwa sa'o'in farko, waɗanda a cikinsu ake samun rai ko a rasa shi, a gida da kan hanya suke ƙarewa, a hannun miji da maƙwabci da direba, ba a hannun likita ba. A kan waɗannan sa'o'i nake so mu tsaya yau.

Tun a 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, da suka yi nazarin abin da ke kashe mata wajen haihuwa, suka kasa jinkirin kashi uku: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu da muke zaune a nan ba mu bukatar wani ya fassara mana wannan, don mun san shi da idonmu. Ga mace a wani ƙauye na ƙasar Baure ko Sandamu ta haihu bayan isha'i, ana cikin murna, sai mabiyiya ta ƙi faɗuwa, jini ya yi ta zuba. Maigidan ya tafi cin rani, babu wanda yake ganin yana da ikon ba da izinin a fita da ita. Tsofaffi suna cewa a dakata a gani, a jiƙa wannan a shafa wancan, ana canza zane bayan zane, har sai da aka ga idonta ya yi fari, tafin hannunta ya yi sanyi, sa'an nan aka shiga neman mota. Mai motar yana wani gari, ba shi da mai, damina ce kuma, hanya ta yanke. Da aka isa asibiti da asuba sai aka ce a yanki kati, a sayo safar hannu da ledar ƙarin ruwa, a nemo wanda zai ba da jini. A duk wannan dogon dare babu wanda ya yi nufin sharri, kowa yana ganin iyakar ƙoƙarinsa ya yi, alhali kuwa a kowane mataki an yi asarar sa'a guda ko biyu daga ɗan lokacin da ya rage mata.

To, me ilmin zamani ya zo da shi? Abin farin ciki shi ne, mafi yawan ci gaban da aka samu a wannan fanni abubuwa ne masu araha waɗanda amfaninsu ya rataya a kan sauri. A 2017 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a kan mata kimanin 20,000 a ƙasashe 21, har da Nijeriya, wanda ya nuna cewa wata allura mai suna tranexamic acid, idan aka yi wa mai zubar da jini ita cikin sa'o'i uku na farko bayan haihuwa, tana rage mutuwa ta dalilin zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku, in kuwa aka wuce wannan lokaci sai fa'idarta ta gushe. A 2023 kuma aka fito da sakamakon wani binciken da aka gudanar a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, wanda 'yarmu ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano, ta jagoranci ɓangaren Nijeriya a cikinsa. Dabarar kuwa ita ce a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, jinin ya taru a ciki ungozoma tana ganin adadinsa, maimakon kintace da ido wanda ya sha yaudarar ƙwararru. Da zarar ya kai haddi sai a haɗa mata magungunan gaba ɗaya a lokaci guda, da tausar mahaifa, da allurar tsuke mahaifa, da waccan allura ta tsai da jini, da ƙarin ruwa, ba a jira a gwada wannan a ga ƙarshensa kafin a ɗauko wancan ba. Da wannan kaɗai aka rage mummunar zubar jini da abin da takan jawo da kashi 60 cikin 100.

Ta fuskar shari'ar ƙasa ma an yi tafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa bisa kowane irin dalili, ta kuma yanka tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A 2017 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta yi wa wanda aka harba da bindiga magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, asibiti ne zai sanar da su cikin sa'o'i biyu da fara aiki. A 2022 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, aka fara da Abuja, a bisa alkawarin ɗaukar nauyin jinyar sa'o'i 48 na farko.

A nan ne muhawara ta farko take, watau wa zai biya. Masu asibiti, musamman masu zaman kansu, suna cewa doka ta ɗora musu farilla ba ta ba su guzuri ba, domin ledar jini da iskar oksijin da man janareto da kuɗi ake sayensu, kuma asibitin da ya yi ta aiki kyauta ba a biya shi ba, ba da jimawa ba zai rufe ƙofa, kowa ya rasa. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, gama asusun da dokar 2014 ta kafa, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kashi 5 cikin 100 kawai na cikinsa aka keɓe wa agajin gaggawa. Amma ni a ganina wannan hujja ce ta a matsa wa hukuma ta biya bashin da ke kanta a kan kari, ba ta zama uzurin barin mutum yana zubar da jini a kan benci ana jiran ɗan'uwansa ya dawo daga neman rance ba. Malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin cewa mazhabarmu ta Malikiyya ta riga dokar 2014 da ƙarnoni, domin a cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an tabbatar da lamuni a kan wanda ya sami ikon kuɓutar da ran da ke shirin halaka ya bari, har aka ambaci wanda ya hana zaren da za a ɗinke raunin da ya huda ciki, aka kuma nuna cewa mai zaren yana da haƙƙin a biya shi kuɗinsa idan akwai abin biya. Ku dubi wannan tertibi: a miƙa zaren tukuna, maganar kuɗi ta biyo baya. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, ceton wanda ke cikin halaka kuwa farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita an sauke wa saura, in kuwa kowa ya sa ido, to, laifin ya hau kan al'umma duka.

Muhawara ta biyu ita ce ta hanya. Wasu suna ganin magani shi ne a sayo motocin asibiti masu jiniya irin na Turai, a kafa lambar waya guda, kowa ya kira. Wasu kuwa suna cewa a ƙasa mai faɗi irin tamu, daga Kwangwalam a bakin iyaka zuwa ƙauyukan Zango da Baure, inda wata hanyar yashi ce wata kuma ruwa ke cinye ta da damina, motar da za ta taso daga Daura ta je ta dawo ta riga ta ci lokacin da ake tsere da shi, ga shi kuma mota ba ta tafiya sai da mai da direba da gyara, kuma ba sau ɗaya ba an ga wadda aka yi bikin ƙaddamarwa ta ƙare a kan duwatsu a bayan ofis. Ni ina ganin kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya. Motar asibiti wajibi ce tsakanin ƙaramin asibiti da babba, da kuma kan manyan tituna irin na Daura zuwa Kano ta Kazaure da na Daura zuwa Katsina, inda haɗari ya yawaita, balle ranar kasuwar Mai'aduwa da ake lodin mutane da dabbobi. Amma daga ƙauye zuwa asibitin farko, abin da ke kusa shi ne abin dogaro, kuma an riga an jarraba wannan a jihohin Katsina da Jigawa da Yobe da Zamfara, inda aka horar da direbobin ƙungiyar sufuri ta ƙasa don su riƙa kai masu naƙuda asibiti dare ko rana. Wannan tsari yana bukatar a raya shi, a shigar da masu a-daidaita-sahu da 'yan acaɓa, a kuma koya musu abin da za su yi da hannunsu kafin su ɗauki mutum.

Abin da za a koya kuwa ba shi da yawa, yini biyu ya isa. A danne raunin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi, kada a ɗaga ana leƙawa. Wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa. Wanda ya yi haɗari kada a fizgo shi ta hannu da ƙafa, a tallafi wuyansa da bayansa a kan katako ko ƙyaure. Yaron da ke jijjiga kada a tura masa cokali a baki. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a garzaya da shi inda ake da allurar dafi. Wannan kuwa darasi ne da likitocin asibitin Kaltungo a jihar Gombe suka daɗe suna koyarwa, tun kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan asibiti kuma ina da nasiha guda, ita ce ta tantancewa a bakin ƙofa. Ya kamata a ce a kowane asibiti akwai ma'aikacin jinya da aikinsa shi ne ya dubi duk wanda ya shigo cikin 'yan mintoci, ya gabatar da wanda ransa ke cikin haɗari a kan wanda ya riga shi zuwa, ko da wanda ya riga shin mai kuɗi ne ko mai sarauta, a kuma ajiye akwatin magungunan ceto a buɗe, wanda ba a jiran mai riƙe da makulli ko mai karɓar kuɗi. Wannan bai bukatar sabon gini, yana bukatar tsari da amana.

La'alla wani ya ce, ai ajali in ya zo babu makawa. Haƙiƙa haka ne, kuma babu Musulmin da ke shakkar wannan. Sai dai ajali ilminsa yana wurin Allah, ba a ɗora mana saninsa ba, abin da aka kallafa mana shi ne riƙo da sababi, kuma a kan wannan za a tambaye mu. Wanda ya zauna da mai jego tana zubar da jini har gari ya waye, sa'an nan ya ce ƙaddara ce, ya jingina wa ƙaddara abin da sakacinsa ya haifar.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, a ƙananan hukumomi biyar na wannan masarauta, Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu, su sa a yi abu huɗu a kowace gunduma. Kowane magidanci ya bar izini a gidansa, a gaban shaidu, cewa in lalura ta taso a tafi da iyalinsa asibiti ko yana nan ko ba ya nan. Kowane gari ya san direbansa na dare, lambarsa tana wurin liman da ungozoma. A kafa ɗan asusun mai da magani, daga taimakon jama'a da sadakar masu hali, a hannun amintattu. A kuma rubuta sunayen samarin da suka yarda su ba da jini, a gwada su a san rukunin kowa tun kafin ranar bukata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma limamanmu in suka ɗauki wannan magana a kan mumbari ranar Juma'a, za ta kai inda takardar hukuma ba ta kaiwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa masu kwana a tsaye a kan jinyar bayinsa da mafificin alheri, ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.